Goggon Birin Tsauni da Masaukan Alfarma: Yadda Ruwanda da Yuganda Suka Mai da Daji Jari, da Abin Lura ga Ƙaraye da Rogo

A watan Yunin 2019 wani labari ya karaɗe Kano, har ya tsallaka ƙasashen waje, cewa wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara a Gidan Zoo na Audu Bako lokacin bukukuwan ƙaramar Sallah. Gwamnan jihar na wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan, balle a ɗora masa laifi. Aka yi dariya, aka wuce wurin.

A tsaunukan da suka haɗa Ruwanda da Yuganda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa, wannan dabba ita ce ke kawo kuɗin. Baƙo daga Turai ko Amurka yakan biya dala 1,500 don ya tsaya sa'a ɗaya tak a gaban iyalin goggon biri a Ruwanda, sannan ya kwana a masaukin da kuɗin darensa ɗaya ya zarce na ganin dabbar. Idan aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, wannan sa'a ɗaya ta kai naira miliyan 2.25.

Wace dabba ce?

Bahaushe kan kira kowane ƙaton biri da goggon biri, har da bika da ake gani garke-garke a Yankari. Wanda ake magana a kansa a nan daban yake: shi ne mafi girma a dangin birai, ba shi da wutsiya, kuma masana sun ce kusan kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsa iri ɗaya ne da na ɗan Adam. Jinsin tsauni, wanda ake kira Gorilla beringei beringei a ilimance, ya samo sunansa daga wani hafsan sojan Jamus, Kyaftin Robert von Beringe, wanda ya harbe biyu a kan dutsen Sabyinyo a watan Oktoban 1902. Daga gawar da ya aika Jamus ne masanan Turai suka san da wanzuwarsa.

A wurare biyu kaɗai yake rayuwa a duniya. Na farko shi ne jerin duwatsu masu aman wuta na Virunga, waɗanda ƙasashen uku suka raba: Gandun Duwatsu Masu Aman Wuta a Ruwanda, Mgahinga a Yuganda, da Gandun Virunga a Kwango. Mafi tsawo a cikinsu, Karisimbi, ya kai mita 4,507. Na biyu shi ne ƙungurmin dajin Bwindi da ke kudu maso yammacin Yuganda, wanda ya haɗe da dajin Sarambwe na Kwango. Sanyin wuraren ya sa gashinsa ya fi na 'yan'uwansa na kwari tsawo da kauri. Ba a ajiye shi a gidajen zoo, don haka mai son ganinsa dole ya hau dutse.

Zamansu na iyali ne, ƙarƙashin babban namiji wanda gashin gadon bayansa ke yin furfura idan ya manyanta. Mai furfurar baya kan kai kilo 160 zuwa 200, shi ke zaɓar inda za a yi kiwo da inda za a kwana, shi ke raba faɗa, shi ke tare abokin gaba. Abincinsu ganyaye ne da saiwoyi da tohon gora, kuma kowace yamma kowane babba kan yi wa kansa sabuwar shimfiɗa ta ganye. Mace na ɗaukar ciki wata takwas da rabi, takan haifi ɗa ɗaya, kuma sai bayan kimanin shekara huɗu take sake haihuwa. Wannan jinkiri shi ya sa mutuwar ko da guda ɗaya take zama babbar asara.

Daga bakin ƙarewa zuwa farfaɗowa

A 1925 Turawan mulkin mallaka na Beljiyam suka keɓe yankin Virunga da sunan Gandun Albert, wanda shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Afirka. Masanin dabbobi George Schaller ya yi nazarin farko mai zurfi a kansu a 1959 zuwa 1960. A watan Satumban 1967 Ba'amurkiya Dian Fossey ta kafa sansanin bincike na Karisoke tsakanin duwatsun Karisimbi da Bisoke, ta zauna tana yaƙi da masu ɗana tarko har aka kashe ta a ɗakinta a watan Disambar 1985. Littafinta na 1983 da fim ɗin da aka yi a kansa a 1988 su suka sanar da duniya halin da dabbar ke ciki.

Halin kuwa ya yi muni. An sare wani babban yanki na gandun Ruwanda a ƙarshen shekarun 1960 don noman furen da ake haɗa maganin ƙwari da shi, shanu sun cika daji, ana kashe manya don a sace jarirai. Ƙidayar 1981 ta nuna kimanin 254 ne suka rage a Virunga. A 1979 ne wasu masana, ciki har da Bill Weber da Amy Vedder, suka shawo kan gwamnatin Ruwanda cewa baƙi masu biyan kuɗi za su fi kiwon shanu riba, aka fara kai masu yawon buɗe ido bisa tsari. Yuganda ta mai da Bwindi gandun ƙasa a 1991, ta buɗe shi ga baƙi a watan Afrilun 1993 da iyalin da ake kira Mubare.

Ƙidayar Virunga da aka bayyana a 2018 ta samu 604, ta Bwindi da Sarambwe da aka bayyana a ƙarshen 2019 ta samu 459, jimilla 1,063. A watan Nuwambar 2018 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sassauta matsayinsa daga mataki mafi tsanani zuwa wanda ke biye. Har yanzu yana cikin haɗari, amma a duk manyan birai na duniya shi kaɗai aka tabbatar yawansa na ƙaruwa.

Takardar izini da farashinta

Ba a shiga wurin goggon biri sai da takardar izini mai ɗauke da rana da sunan mai ita. A Ruwanda Hukumar Raya Ƙasa, RDB, ke bayarwa. A Yuganda kuma Hukumar Kula da Namun Daji, UWA. A watan Mayun 2017 Ruwanda ta ninka farashi daga dala 750 zuwa 1,500, kuma da farko ƙarin ya shafi kowa har 'yan ƙasa. Daga baya aka yi rangwame: 'yan ƙasa da na gabashin Afirka dala 200, sauran 'yan Afirka dala 500. Yuganda ta ɗaga nata daga dala 700 zuwa 800 a watan Yulin 2024, tare da farashin dala 500 ga mai fasfo na wata ƙasar Afirka, wanda ɗan Najeriya ke ciki. A Kwango farashin ya daɗe a dala 400, sai dai rikici ya hana zuwa. Hukumomin kan sabunta farashi lokaci zuwa lokaci, kuma a watannin da baƙi ke yawa takardun kan ƙare watanni kafin ranar.

Dalilin tsadar ƙarancin guraben ne. Mutum takwas kaɗai ke ziyartar iyali ɗaya a rana, kuma sau ɗaya. Ruwanda na da iyalai 12 da ta ware wa baƙi, wato takardu 96 a rana. Idan duk aka sayar da su a cikakken farashi, dala 144,000 ke nan kafin azahar. Bwindi na da iyalai sama da 20 a sassa huɗu, Buhoma da Ruhija da Rushaga da Nkuringo, yayin da Mgahinga ke da iyali ɗaya, Nyakagezi. Kafin iyali ya saba da mutane har a kai masa baƙi, ma'aikata kan shafe shekara biyu zuwa uku suna bin sa kullum. A Rushaga ana sayar da wata takarda, da farashinta ya kasance dala 1,500 a 2024, wadda ke ba mutum huɗu damar sa'a huɗu tare da iyalin da ake kan sabarwa.

Yadda ranar take kasancewa

A Ruwanda ana hallara a hedikwatar gandun da ke Kinigi, kusa da garin Musanze, da ƙarfe bakwai na safe. Ana raba baƙi rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, tsofaffi a ba su iyali na kusa, matasa a tura su can sama. Tun da asuba masu bin sawu sun riga sun tafi inda iyalin ya kwana, suna sanar da ɗan jagora ta rediyo. Tafiyar takan fara ne ta cikin gonakin dankalin Turawa, a tsallake katangar duwatsu mai tsawon sama da kilomita 70 da aka gina don hana ɓauna shiga gonaki, sannan a kutsa cikin gora da laka da ganye mai ƙaiƙayi. Wani rukuni kan isa cikin rabin sa'a, wani sai ya yi sa'a huɗu ko fiye. 'Yan dako, waɗanda wasunsu tsofaffin mafarauta ne da suka tuba, kan ɗauki jaka su riƙe hannun baƙo a kan dala 10 zuwa 20. Wanda ba ya iya tafiya ana iya ɗaukarsa a kujera kan ƙarin kuɗi.

Idan an kusa, ana ajiye jaka da sanda da abinci. Dokokin ba su da yawa amma ba a wasa da su: ba a karɓar wanda bai kai shekara 15 ba, mai mura ko gudawa ba ya shiga, ana sa takunkumin fuska, ba a kunna fitilar kyamara, ba a ci ba a sha a gabansu. Tazarar da aka gindaya mita 7 ce, aka ƙara ta zuwa 10 bayan annobar korona, ko da yake 'ya'yan birin ba su san da dokar ba, sukan matso su taɓa ƙafar wando. Idan mai furfurar baya ya daki ƙirji ya yo kan mutum, umarnin shi ne a durƙusa a sunkuyar da kai, kada a gudu. Da sa'a ɗaya ta cika, ɗan jagora zai ce a juya.

Tsaurin ya samo asali daga abin da aka gani. A 1996 ƙazuwa ta ɓarke a wani iyali a Bwindi, ta kashe jariri, kuma likitar dabbobi Gladys Kalema-Zikusoka ta danganta ta da cuɗanya da mutanen ƙauyukan gefen daji. A 2009 wata cutar numfashi ta ɗan Adam ta shiga wani iyali a Ruwanda, aka rasa biyu. Murar da mutum ke warkewa cikin mako tana iya kashe goggon biri.

Masaukan alfarma

Tunda guraben ba za su ƙaru ba, Ruwanda ta zaɓi baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa, kuma manyan kamfanonin masauki suka bi ta. Kamfanin Volcanoes Safaris ya buɗe Virunga Lodge a 2004 a kan tudun da ke kallon tafkunan Burera da Ruhondo. A 2017 kamfanin Wilderness ya buɗe Bisate da ɗakuna shida kacal, masu siffar fadar sarakunan Ruwanda ta gargajiya, a cikin kwarin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya kuma dasa dubban bishiyoyin asali a filin da a da gona ce. A 2019 aka buɗe biyu: Singita Kwitonda, mai ɗakuna takwas da wani gida na iyali, wanda aka raɗa wa sunan wani shahararren mai furfurar baya, da One&Only Gorilla's Nest. A Yuganda akwai Clouds Mountain Gorilla Lodge a Nkuringo da Gorilla Forest Lodge a Buhoma. A Kwango akwai Mikeno Lodge a Rumangabo.

A manyan masaukan Ruwanda kuɗin mutum ɗaya a dare kan haura dala 2,000 a lokacin cunkoso. Kuɗin ya haɗa da abinci da abin sha da wanki, amma takardar izini daban ake biya. Abin da ake sayarwa ya dace da wahalar dutse: murhu a kowane ɗaki saboda sanyi, aron rigar ruwa da safar hannu, ma'aikacin da zai karɓi takalmi mai laka ya dawo da shi a wanke, tausa bayan saukowa, da direban da zai kai baƙo Kinigi a kan lokaci. Wasu baƙin ma jirgi mai saukar ungulu ke kawo su daga Kigali. Ɗakuna kaɗan ne, ma'aikata sun ninka baƙi, kaya da yawa daga nesa ake kawo su, don haka kowane gado ke ɗaukar nauyi mai yawa. Wanda ya kwana uku a kan dala 2,000 ya kuma sayi takarda ɗaya a cikakken farashi ya kashe dala 7,500, wato naira miliyan 11.25 bisa lissafin da ya gabata, ban da kuɗin jirgi.

Birin dai bai san inda baƙo ya kwana ba. A Musanze da Kisoro da Buhoma akwai ƙananan masaukai na ƙasa da dala 100, kuma wanda ya fito daga can rukuni ɗaya yake shiga da wanda ya fito daga Singita, sa'a ɗaya ce kuma rabon kowa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Ruwanda ta samu dala miliyan 620 daga yawon buɗe ido a 2023, kuma goggon biri na sahun gaba wajen jawo su. Da shi take tallata kanta, tun daga yarjejeniyar da ta sa sunanta a hannun rigar Arsenal a 2018 har zuwa bikin Kwita Izina, wato raɗin sunan jariran birai, da ake yi a Kinigi tun 2005.

Muhimmin abu shi ne rabon maƙwabtan daji, domin karkarar da ke kewaye da gandun na cikin mafi cunkoso a Afirka, kuma manomin da ɓauna ta cinye wa gona ba ya ganin amfanin dabba. Tun 2005 Ruwanda ke ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandayenta ga garuruwan da ke kewaye, ta ninka shi zuwa kashi 10 a 2017. Da shi ake gina ajujuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Akwai kuma asusun biyan diyyar ɓarnar namun daji. Dokar Yuganda ta ba maƙwabta kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandu, da ƙarin dala 10 a kan kowace takardar goggon biri. Masu suka na nuni da cewa kuɗin shiga ɗan ƙaramin yanki ne na farashin takardar, saboda haka abin da ke isa ƙauye bai kai yadda adadin ke nunawa ba.

Akwai tsarin da ya wuce rabon kashi. Masaukin Sabyinyo Silverback a Ruwanda mallakar wata ƙungiyar al'ummar yankin ce mai suna SACOLA. Kamfani ne ke gudanar da shi, yana biyan ƙungiyar haya da wani kaso a kan kowane baƙon da ya kwana. Haka Clouds yake a Nkuringo, inda gidauniyar al'umma ke da mallaka. Gidauniyar African Wildlife Foundation ce ta taimaka aka ƙulla duka biyun. A nan talaka mai gida ne, kamfani ɗan haya.

Waɗanda suka biya farashi

Ba kowa ya ci riba ba. Al'ummar Batwa, mafarautan da suka rayu a waɗannan dazuzzuka tun kaka da kakanni, an fitar da su daga Bwindi da Mgahinga lokacin da aka mai da su gandaye a 1991, akasari ba tare da fili ko diyya ba. A watan Agustan 2021 Kotun Tsarin Mulkin Yuganda ta yanke hukuncin cewa an zalunce su kuma sun cancanci a share musu hawaye. Da yawansu har yau a gefen daji suke, suna yi wa baƙi rawa da nunin al'ada. Ruwanda ma na shirin faɗaɗa gandunta da kusan kashi 23 cikin 100, abin da zai tashi dubban magidanta daga gonakinsu.

Sai batun tsaro. A watan Maris na 1999 'yan tawayen Interahamwe suka kashe baƙi takwas a Bwindi, harkar ta durƙushe na wani lokaci. A watan Yulin 2007 aka harbe birai da dama na iyalin Rugendo a Virunga, lamarin da aka danganta da masu cinikin gawayi. Sama da malaman daji 200 aka kashe a bakin aiki a wannan gandu. An rufe shi ga baƙi bayan sace wasu 'yan Birtaniya biyu a watan Mayun 2018, kuma yankin biransa na cikin inda 'yan tawayen M23, waɗanda suka kama Goma a watan Janairun 2025, ke da ƙarfi. Dabba ɗaya ce, dutse ɗaya ne, amma ɓangaren da ke da zaman lafiya shi ke karɓar dala 1,500. Lokacin korona kuma, da baƙi suka ɗauke ƙafa, farauta ta dawo: a watan Yunin 2020 aka kashe mai furfurar baya Rafiki a Bwindi, kotu ta ɗaure wanda ya kashe shi shekara 11.

Ga mai niyyar zuwa daga Najeriya

Kamfanin RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali, Uganda Airlines kuma ya fara zuwa Legas a 2023. Ruwanda na ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka izinin shiga na kwana 30 a filin jirgi ba tare da kuɗi ba. Yuganda ana neman bizarta ta intanet. Katin rigakafin shawara wajibi ne a riƙe. Daga Kigali zuwa Musanze tafiyar sa'a biyu da rabi ce a kan kwalta, daga Entebbe zuwa Bwindi kuwa sa'a takwas zuwa goma, shi ya sa wasu ke sauka a Kigali su tsallaka iyaka zuwa kudancin Bwindi. Watannin da ruwa ke sauƙi su ne Yuni zuwa Satumba da Disamba zuwa Fabrairu. Akwai masallatai da abincin halal a unguwar Nyamirambo ta Kigali, kuma masaukai kan tanadi abincin da baƙo ya nema idan ya sanar tun wuri. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita, domin a Ruwanda tafiyar na farawa ne daga tudun da ya haura mita 2,000.

Najeriya ma na da nata

Akwai goggon biri a Najeriya, na jinsin Kuros Riba, wanda ya fi na tsauni ƙaranci: kimanin 300 ko ƙasa da haka suka rage tsakanin Najeriya da Kamaru, kusan 100 daga ciki a dutsen Afi, da tsaunukan Mbe, da sashen Okwangwo na Gandun Kuros Riba. Farauta ta sa suna gudun mutum, ba a sabar da su ba, kuma ba a kai musu baƙi. A watan Yulin 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan da kyamarar ɓoye ta ɗauka a Mbe, inda aka ga wani iyali da jarirai da dama. Garuruwa tara da ke kewaye da Mbe su ke riƙe da dajin ta hannun ƙungiyarsu. A gefe guda kuma sunan Najeriya na fitowa a fataucin dabbar: a watan Disambar 2024 jami'an filin jirgin Istanbul suka gano jaririn goggon biri a cikin akwati, a kayan da suka taso daga Najeriya za su Tailan.

Abin lura ga Ƙaraye da Rogo

Yammacin Kano ba shi da goggon biri, ba zai kuma samu ba. Abin da yake da shi ruwa ne. Madatsar Challawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, tana da tsayin mita 42 da bango mai tsawon kilomita 7.8, tana kuma riƙe ruwa kimanin mita cubic miliyan 900, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kusa da garin Ƙaraye akwai madatsar Kusalla. Ga masunta da kwalekwalensu, ga gonakin rake da masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Rogo, ga tsohon gari mai fada da hawan Sallah. Tun Yulin 2024 ƙananan hukumomin biyu su ne Masarautar Ƙaraye, kuma a watan Disambar wannan shekara UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin al'adun duniya da take karewa.

Kano ta taɓa gwada gina masauki a bakin ruwa. Zamanin Gwamna Audu Bako ya bar madatsun Bagauda da Tiga, aka gina otal a bakin kowacce. Otal ɗin Bagauda, wanda a da manyan baƙi ke sauka, yau harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Rock Castle na Tiga ya shafe shekaru ba ya cikin hayyacinsa. Dajin Falgore, wanda shi ne gandun namun dajin jihar, ɓarayin shanu sun addabe shi har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017, kafin gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin gandaye goma da ta ce za ta ɗaga zuwa na ƙasa a watan Disambar 2020.

Jerin abubuwan da suka faru a Ruwanda ya nuna inda bambancin yake. An fara kai baƙi a 1979, aka kafa rabon kuɗi da maƙwabta a 2005, masaukan da ke karɓar dala 2,000 ba su iso ba sai 2017. Kusan shekara arba'in aka yi ana tsare abin da baƙo zai zo gani, ana ƙidaya shi, ana biyan masu gadinsa, kafin masaukai mafi tsada su iso da gado da murhu. A Bagauda da Tiga ginin ne ya riga komai, kuma gwamnati ce mai gida kuma mai gudanarwa, sai ya tashi da gwamnatin da ke son sa, ya kwanta da wadda ba ta damu ba.

Kasuwar da ta fi kusa da Challawa ba ta masu dala ba ce. Iyalai ne da ma'aikata da 'yan kasuwar Kano da Zariya da Funtuwa masu neman inda za su huta kwana biyu ba tare da hawa jirgi ba. Abin da za su tambaya shi ne hanya, da tsaro, da kwalekwale mai rigar kariya, da ɗaki mai tsafta. Abin da mutanen bakin ruwan za su tambaya kuwa shi ne wanda Batwa ba su samu damar tambaya ba: filin na wa ne, kashi nawa ne nasu, kuma a wace takarda aka rubuta? Garuruwan da ruwan madatsar ya tasa shekaru talatin da suka wuce sun riga sun ba da gonakinsu sau ɗaya. Tsarin SACOLA da na garuruwan Mbe tara ya nuna cewa ana iya rubuta amsar kafin a aza tubalin farko, kuma hukumar da ke riƙe da madatsar, da majalisun ƙananan hukumomin biyu, da fadar Ƙaraye, su ne ke da ikon zama su rubuta ta.